Daga Ƙahon Wanzami zuwa Tramol: Tarihin Ciwon Jiki a Adar

Buhun albasar da ake lodi a kwarin Tarka, wajen Madawa, ba na wasa ba ne. Ana cusa shi har sai ya yi hula, a ɗinke bakinsa, nauyinsa ya haura kilo 100, sannan mutum biyu ko uku su cicciɓa su aza wa ɗan dako a gadon baya, shi kuma ya taka katako ya kai shi cikin babbar mota mai zuwa Abijan ko Akara. Haka zai yi tun hantsi har la'asar sakaliya. In ya kai shekara arba'in a wannan sana'a, ba sai an tambaye shi inda ke masa ciwo ba, tafiyarsa kaɗai ta isa.

Adar, a Nijar, ƙasa ce ta dutse da fako da kwari, kuma ta daɗe tana karɓar harajinta daga ƙugu da gwiwa. A ƙauyukan Buza mace kan hau tudu da tulu a ka, ta sauko da dammen itace. A zamanin Faransawa an kwashi maza aikin tilas, suna fasa dutse suna share hanya, har zuwa 1946 da aka soke shi. A 1984, shekarar fari, aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, aka yi ta jera duwatsu a kan tsaunuka don tare ruwa da farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Da yake maza sun tafi bida Kwaddibuwa da Najeriya da Libiya, mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan mata ne, ana biyansu da abinci. Masaniyar tarihi Benedetta Rossi ta rubuta littafi guda a 2015 a kan yadda aikin ƙarfi ya riƙa sauya suna a wannan yanki, daga bauta zuwa aikin tilas zuwa aikin agaji. An ƙirga hektocin da aka farfaɗo da itatuwan da aka dasa. Ciwon wuyan matan bai shiga lissafi ba.

To, wa ke jin kukan wannan ciwo? Shekaru aru-aru amsar ita ce wanzami.

Mutanen Adar, kamar sauran Hausawa, sun raba aikin jiki tsakanin masu sana'a. Karaya da targaɗe na maɗori ne. Abin da ake zargin iska ko sammu, na boka ne da 'yan bori da malami. Amma ciwon da ya zauna a kwankwaso ko kafaɗa ko ƙeya, wanda ba kumburi ba rauni, sai dai jiki ya yi tsami mutum ya tashi da safe yana dafa bango, wannan ana cewa sanyi ne ya shiga ƙashi, ko kuwa mataccen jini ne ya taru, kuma fitar da jini aikin mai aska ne. Wanzanci gado ne. Yaro kan fara da riƙe wa ubansa zabira, ya koyi wasa aska, ya yi shekaru yana aski kafin a bar shi ya taɓa fatar mutum da niyyar zubar da jini. Gida kan riƙe wanzaminsa kaka da kakanni: shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke yi wa yara kaciya, shi ke zanen gado a fuska, kuma da kaka ana kai masa damin hatsi. A manyan garuruwa suna da shugabansu, Sarkin Aska, mai raba rigima tsakaninsu.

Ƙaho kuwa sai an gani kusa. Mai ciwo ya tuɓe riga ya zauna a kan tabarma ko turmi, ya sunkuyar da kai. Wanzami ya lalubi wurin da yatsa yana tambaya, “Nan ne? Ko nan?” har ya ji mutum ya zabura. Ya shafa ruwa, ya kifa faffaɗan bakin ƙahon saniya wanda aka yanke aka goge, ya sa bakinsa a ɗan ramin da ke tsinin ya zuƙe iska, sannan ya toshe ramin da ɗan danƙon da ya riƙe a baki, ba tare da ya ɗaga kai ba. Ƙaho ya kama. Ya jera uku ko huɗu haka, ya koma hira da na kusa. Jim kaɗan ya ɓamɓare, fatar ta taso ta yi tudu. Nan ne aska ke aiki: tsaga ƙanana, da sauri, a jere, ba zurfi. Ya mayar da ƙaho ya sake zuƙa. In ya cire a karo na biyu sai ya karkata shi a kan rairayi, gudan jini baƙi ƙirin ya faɗo yana rawa. Ba ya rufe shi da ƙasa sai mai ciwo ya waiwayo ya gani. “Ka ga abin da ke cin ka, Malam.” Mutum ya miƙe, ya murɗa ƙugu hagu da dama, ya ce wallahi ya ji sakayau.

Musulunci bai ture wannan sana'a ba, ƙarfi ma ya ƙara mata. Ya tabbata a hadisi cewa an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma ya biya wanda ya yi masa. A maƙwabciyar Adar ta kudu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulkin Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basir da na ciwon ido, yana ɗebowa daga likitancin Annabi da na malaman Larabawa. Lalas, wato ɗora ƙarfe mai zafi a inda ke ciwo, shi ne malamai suka fi ɗari-ɗari da shi saboda hadisan da suka nuna ƙyamarsa, amma bai ɓace ba. Har yau akwai dattawa masu ɗigon tabon wuta a gwiwa ko a ƙeya.

Likitan zamani ya daɗe yana kallon duk wannan a matsayin jahilci. Ta wani gefe yana da hujja. Jinin da ke fita a ƙaho jini ne kamar kowane, ya yi baƙi ne don ya daskare a cikin ƙahon, kuma yawansa bai taka kara ya karya ba. Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce buɗaɗɗiya ga ciwon hanta da sida, dalilin da ya sa yau wanzamai da yawa suka koma reza, kowa da tasa. Amma sakayau ɗin da mutumin ya ce ya ji ba ƙarya ba ce, kuma waɗanda suka bayyana dalilinsa ba su taɓa taka Madawa ba.

Tun zamanin Descartes, masanin Faransa na ƙarni na 17, Turawa sun ɗauka ciwo saƙo ne da ke tashi daga rauni ya bi jijiya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, girman rauni girman ciwo. A 1965 Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila suka ce a'a, akwai ƙofa a cikin lakar gadon baya wadda ke buɗewa da rufewa. Saƙon shafa da dannawa, wanda ke bin manyan jijiyoyi masu sauri, yana iya tura ƙofar ya rage wa saƙon ciwo hanya. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa yake murza ta tun kafin ya yi tunani. A 1975, a Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, John Hughes da Hans Kosterlitz suka tsamo wani sinadari daga ƙwaƙwalwar aladu mai aiki irin na mofin, abin da ya nuna jiki na haɗa nasa maganin kashe zafi.

Gwajin da ya fi kusa da tabarmar wanzami an yi shi a Faris a 1979. Daniel Le Bars da abokan aikinsa Anthony Dickenson da Jean-Marie Besson suka sa ɓera barci, suka cusa siririyar waya a lakarsa suna sauraren ƙwayar jijiya guda mai ɗaukar saƙon ciwo daga ƙafar baya. Tana cikin harbawa sai su matse wutsiya ko hanci, ko su tsoma wutsiyar a ruwan zafi. Nan take ƙwayar ta yi tsit. Shafa a hankali ba ya yin haka, sai abin da ya yi zafi sosai. Daga baya aka gano saƙon sabon ciwon yana hawa gindin ƙwaƙwalwa ne, daga can a aiko da umarnin danne sauran. Wato ciwo na kashe ciwo. Tsagar aska, zuƙar ƙaho da ƙarfen lalas duk suna taɓa wannan hanya, ga kuma ƙarfin gani da ido da yarda da mai magani, wanda shi ma an nuna yana sa jiki ya saki nasa mofin ɗin.

Sai dai a ɓerayen Le Bars shirun na 'yan mintoci ne bayan an daina matsa. Wataƙila wannan ne kuma ya sa mai ciwon baya ke komawa wurin wanzami duk shekara, wani duk wata. Da 'yan wasan duniya suka rungumi ƙaho, har aka ga jajayen da'irori a kafaɗar Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016, masu bincike sun waiwayo. A Burazil, a 2021, aka raba mutum 90 masu daɗaɗɗen ciwon baya gida biyu: wasu aka yi musu ƙaho na gaske marar tsaga, wasu aka kifa musu kofin da ba ya zuƙa. Bayan mako takwas duka sun ce sun ji sauƙi, kuma ba wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu.

Me ya sa ciwon ke dawowa ko bayan rauni ya warke? Clifford Woolf, haifaffen Afirka ta Kudu, ya ba da babban kaso na amsar a 1983 yana aiki a Landan. Ya nuna cewa in rauni ya yi tsanani, lakar kanta tana canzawa: ƙwayoyinta su zama masu saurin zabura, taɓawa kaɗan ta zama zafi, har ɗaya ƙafar da ba a taɓa ba ta kama. Ya kashe wurin raunin da allura, zaburar ba ta kwanta ba. Kamar karen gidan da ɓarawo ya taɓa haurawa ne, daga ranar ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. A irin wannan hali ciwon ya bar ƙugu ya koma cikin jijiya, ba jinin da za a zuƙe ya fita da shi. Abin takaici ma, a jikin da yawa daga masu irin wannan ciwo, hanyar nan ta danne ciwo da ciwo ita kanta ta yi rauni. Sai a jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ciwon da ya wuce wata uku gurbinsa, a matsayin abin da kan iya zama cuta mai zaman kanta.

Likitancin Turawa da ya shigo Adar bai zo don ciwon ƙugu ba. Ya zo ne don annoba: agana, sanƙarau, kuturta. A 1950 'yan mishan na SIM suka buɗe asibitin Galmi a kan hanyar Konni zuwa Madawa, ya zama wurin da ake kai wanda ke buƙatar aiki da wuƙa daga ko'ina a yankin. Mai sanyin ƙashi kuwa, in ya je likita, a ba shi asfirin ko farasitamol a ce ya huta. Manomi da damina ya huta, wa zai yi masa noma?

Abin da ya ci kasuwar wanzami ba lokotoro ba ne, mai tallar magani ne. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara tsarin sa majinyaci ya biya kuɗin magani a likitocin gwamnati, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Sai ga samari da faranti a ka ko akwati a bayan keke, suna bin kasuwannin ƙauye daga Tamaske zuwa Karofan zuwa Bangi, suna sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, ana kiranta da launinta ko hoton da ke jikin kwalinta. A cikin farantin nan ne tramol ya iso.

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fitar da shi kasuwa a 1977. Aikinsa biyu ne. Hanta na juya shi ya zama wani sinadari mai kama wuraren da mofin ke kamawa, sannan yana ƙara ƙarfin umarnin nan da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa yana danne ciwo. Ɓangare na biyun ne ke sa mai sha ya ji kuzari da walwala maimakon barci, abin da ɗan dako, mai haƙar rijiya da ɗan kabu-kabu ke nema ke nan. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a so a wuce 400 a yini. Wanda aka riƙa shigowa da shi daga Indiya ta tashoshin jiragen ruwan Kwatano da Lome da Legas har da mai 200 da 225. A 2012 likitan ƙwaƙwalwa Djibo Douma Maiga da abokansa suka wallafa abin da suka gani a Yamai: samari masu zaman titi da ke shansa, da waɗanda ake kawowa suna farfaɗiya. A 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce abin da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa sama da tan 3 tun daga 2013, kuma a watan Satumban shekarar an kama ƙwaya sama da miliyan 3 a Nijar cikin kwalaye masu tambarin Majalisar. Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018, 'yan kasuwa suka koma wasu haɗe-haɗen da suka fi shi haɗari.

Ana yawan maganar tramol kamar matsalar tarbiyya ce kawai. Akwai wannan. Amma da yawa sun fara ne don baya na ciwo, aiki kuma ba ya jira. Ƙaho ko bai warkar ba, ba ya sa mutum ya wayi gari yana karkarwa don bai samu ba. Ƙwaya kuwa tana neman ƙari, kuma an nuna cewa daɗewa ana shan dangin mofin na iya sa jijiya ta ƙara jin ciwo. A gefe guda, mai ciwon daji ko yaro mai amosanin jini, waɗanda mofin na gaskiya ya wajaba a kansu, su ne ba sa samu. Wani kwamitin mujallar Lancet ya lissafa a 2017 cewa cikin kusan tan 300 na irin waɗannan magunguna da ake rabawa a duniya a shekara, abin da ke isa ƙasashe matalauta bai wuce kilo 100 ba.

Aikin ɗakin bincike a kan ciwo kuwa aiki ne na mai dogon numfashi. David Julius na Kalifoniya ya gano a 1997 ƙofar da yajin barkono ke buɗewa a jikin jijiya, wadda ita ce kuma ke jin zafin wuta. Shi da Ardem Patapoutian, kowa a nasa ɗakin, suka gano mai jin sanyi a 2002, wadda man zafin da ake shafawa a ƙugu ke taɓawa. Kyautar Nobel ba ta zo musu ba sai 2021. Mai irin wannan aiki yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, firji mai tsananin sanyi, sinadaran da ake saye da dala, da albashin da zai riƙe shi shekara ashirin a kan tambaya ɗaya. A Nijar cibiyar CERMES da ke Yamai, wadda aka kafa a 1978, ta yi suna ne a kan sanƙarau da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, domin nan kuɗin bincike suka fi karkata, kuma ba laifi, su ke kashe yara. Mahmoud Bukar Maina, ɗan Yobe masanin ƙwaƙwalwa, ya jagoranci nazarin da ya fito a 2021 a kan takardun binciken ƙwaƙwalwa na shekara ashirin a Afirka, aka ga Masar da Afirka ta Kudu da Najeriya ne ke riƙe da mafi yawansu. A shekarar ce ya buɗe cibiyar bincike a jami'ar jihar da ke Damaturu.

Da yawa daga masu binciken wannan yanki kan karkata ga itatuwan magani, suna gwada saiwa da sassaƙe a jikin ɓeraye. Ɗaya daga cikin itatuwan ita ce tafashiya, wadda masu magani ke bayarwa don zazzaɓi da ciwon jiki, kuma ta taɓa jawo rigimar da har yau ake ba da labarinta. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Michel De Waard na cibiyar binciken ƙwaƙwalwa ta Grenoble a Faransa, tare da Germain Sotoing Taïwe ɗan Kamaru, ta sanar da cewa ta sami tramol a ɓawon saiwar tafashiyar da aka tono a arewacin Kamaru. Jaridu suka ɗauka: ashe abin da Bajamushe ya haɗa a kwalba, itacen Afirka ya riga shi.

Shekara ɗaya bayan haka Michael Spiteller na jami'ar Dortmund da nasa mutanen suka je suka ɗebo nasu samfurin. A kudancin Kamaru ba su sami komai a saiwar ba. A arewa mai nisa sun samu, amma ɗan mitsitsi, kuma ba a tafashiya kaɗai ba: yana cikin saiwar wasu itatuwan, yana cikin ƙasa, yana cikin ruwan rafi da na rijiya. Da suka tambayi manoma, sai aka ce musu ai kowa na sha don ya jure aikin rana, kuma ana ba shanun huɗa su ma don kada su gaji. Shanun kan fake a inuwar itace su yi fitsari, saiwa ta tsotsa. Tawagar Grenoble ba ta yarda ba, ta ci gaba da kawo nata hujjojin cewa itacen na iya haɗa sinadarin da kansa. A 2016 mutanen Dortmund suka auna nau'in gawayin da ke cikin tramol ɗin da suka tsamo daga ƙasar wurin, irin awon da ake gane shekarun tsofaffin ƙasusuwa da shi. Sakamakon ya nuna gawayin na man fetur ne, irin wanda masana'antar magani ke aiki da shi.